Daddawar da Ba Ta Taɓa Zuwa Karaye Ba

Akwai wani babban kanti a Kano da ba na shiga. Ko ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya, gara in jiƙe a bakin titi da in fake a barandarsa. Maigidana ya ce riƙo ne da ni. Na ce na ji, riƙon ne, kuma ba yau zan saki ba. Kantin nan shi ya shiga tsakanin mahaifiyata da matar da ta fi kowa kusa da ita a duniya, alhali ko sunan ɗayarsu masu shi ba su sani ba.

Mu mutanen wani ƙauye ne a Kafin Dafga, ƙasar Karaye. Da na tashi ban taɓa jin an ce "abincin gida" ba, don ba mu san wani iri ba. Dawa daga rumbun Baba take fitowa, kuka daga bishiyar bayan gida, kuɓewa da barkono daga gefen gona, nono daga rugar da ke bakin fadama. Gishiri da kanwa ne kawai baƙi a tukunyarmu. Sai da na zo birni na tarar ashe abin da muke ci don ba mu da wani, shi masu kuɗi ke bi da tsada suna yi wa juna burga da shi.

Daddawa kuwa ta Inna ce, ita da Gwaggo.

Gwaggo ba ƙanwar Baba ba ce, aminiyar Inna ce, mu ne dai muka tashi muna kiranta haka. Daga wajen Gwangwan aka kawo ta amarya, a shekarar da aka kawo Inna, gidajen biyu suna kallon juna. Tun daga nan tare suke daddawa. Babbar tukunyar dafa kalwa ta Gwaggo ce, turmi na Inna. Su dafa kalwa har ta yi laushi, su surfe, su kai rafi su wanke, su sake dafawa, su rufe ta a kwando har ta yi yauƙi ta fara wari, sannan a daka a fyaɗa a shanya. Duk wannan aikin suna yi suna faɗa. Gwaggo ta ce Inna ta cika rowar itace, Inna ta ce Gwaggo hannunta kamar na mai jin barci. In an gama su raba, kowa ta ce ɗayar ta cuce ta, su yi dariya su watse.

Yayana shi ne ɗan fari, kuma Inna irin matan nan ne masu tsananin kunyar ɗan fari. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai ta ce "wancan" ko "yayanku". In ya durƙusa gaishe ta, bango take kallo ta ce "lafiya" a taƙaice, kamar ana bin ta. Gwaggo ce ta goya shi, ita ke kiransa "ɗana" da ƙarfi har a ji a ƙofar gida, ita ke zaginsa in ya yi laifi, wurinta yake zama ya miƙe ƙafa ya yi hira. Kada wani ya ce Inna ba ta son shi. Son ne ba shi da hanyar fita ta baki. Da ya samu aiki a Kano ya yi aure, sai ta samo wa kanta hanya. Duk lokacin da aka yi sabuwar daddawa sai ta zaɓi waɗanda suka fi baƙi da sheƙi, ta haɗa da garin kuka da busasshiyar kuɓewa, ta ƙulle a tsumma mai tsabta, ta ba ɗan Gwaggo, wanda yake jan motar haya tsakanin Karaye da Kano. Ba ta haɗawa da saƙon baki. Ta san dai duk inda yake, hannunta yana cikin miyarsa, wannan ya ishe ta.

Wata shekara idonta ya fara hazo, yayana ya aiko aka ɗauke ta zuwa ganin likita, ta sauka a gidansa. Ni ina can wata unguwa da nawa gidan, ban je ba sai washegari, saboda haka abin da ya faru daga bakin matar yayana na ji shi daga baya. Kuma wallahi tana ba ni labarin tana murmushi, ba ta ga abin da ta yi ba.

Inna ta zaga bayan gida za ta yi alwala, sai ta hangi wani ɗan ɗakin ajiya a buɗe. A ciki, tsakanin tsohuwar taya da jarkokin mai, ga ƙulle-ƙullenta a jibge. Ta gane tsummanta, ta gane ɗaurinta, ko kwancewa ba a yi ba. Matar yayana ta ce mini wai warin ne yake cika mata kicin, yara suna toshe hanci, kuma ba ta san irin ƙudan da ya hau kai ba wajen shanya. Ji fa! Ƙudan da mijinta ya ci har ya girma ya yi digiri.

Da rana ta yi wa Inna tuwo da miyar kuka, don girmamawa. Inna tana ci sai ga ta da wata 'yar kwalba mai murfi, garin daddawa a ciki, ta durƙusa ta miƙa mata.

"Inna, kin ji miyar? Daddawar garinku ce fa. Ga shi nan an rubuta a jiki, ta Karaye ce, matan ƙauye ne suka yi da hannunsu. Ita kaɗai muke amfani da ita yanzu."

Inna ta karɓa, ta juya, ta buɗe ta sunsuna, ta mayar mata.

"Madalla. Allah ya yi albarka."

Shi ke nan abin da ta ce. Da na zo washegari na same ta shiru, na ɗauka maganin da aka ɗiga mata a ido ne.

A wurin Inna komai yana da mai shi. Ba a cewa "daddawar Karaye" a yi shiru, sai an ce ta wance ce, matar wane, ta gidan da ke kusa da rijiya. In an rubuta Karaye a jikin kwalba, to akwai wata mace a ƙasar nan da ta zauna gaban murhu ta sha hayaƙi ta yi ta. Bai taɓa zuwa mata a rai ba cewa mutum zai iya buga sunan garin mutane a takarda haka kawai. Sai ta koma gida ta zauna tana lissafa mata ɗaya bayan ɗaya. Wa ke yin daddawa da yawa har ta sayar? Wa ke da hanyar kai kaya Kano? Wa ta san ƙofar gidan yayana? Wa ta sayi kalwa fiye da ta kullum a bana? Ga shi kuma ta ji ƙanshin waken suya a cikin kwalbar, kuma akwai wadda ta taɓa ce mata, tunda kalwa ta yi tsada, su riƙa haɗawa da waken suya, ita Inna ta ƙi. Duk hanyar da ta bi, gida ɗaya take kai ta, wanda yake kallon namu.

Tambaya ɗaya da ta kashe maganar nan. Amma wa za ta tambaya? Ɗan farin da ko sunansa ba ta iya faɗa, shi za ta tsare ta ce daga wa kake sayen daddawa? Ko surukarta za ta bi da bincike a kan miya, a ce uwar miji ta zo ta tayar da gida? Ni kuwa in na kira ta a waya, lafiya lau, lafiya lau, ruwa ya sauka, Babanki yana gaishe ki. Haka ta bar maganar a cikinta tana ta cin ta.

Da farko ta ɗauki babbar tukunyar Gwaggo, wadda ta fi ni daɗewa a tsakar gidanmu, ta kai ta ajiye a zauren gidansu ba tare da ta shiga ba. Ta dafa kalwarta ita kaɗai a 'yan ƙananan tukwane. Gwaggo ta shigo da fara'arta ta ce yau kuma wane sabon salo ne, Inna ta ce ba komai, bayanta ne ba ya son babban aiki. Gwaggo ta sake zuwa, aka ce mata Inna tana barci, da hantsi.

Sai ranar wani suna a unguwa, mata cike da tsakar gida ana tuƙa tuwo, aka zo maganar tsadar kaya. Inna, wadda ba a san ta da habaici ba, ta buɗe baki ta ce, "Ai yanzu duniya ta zo ƙarshe. Wata ɗan da ta goya a bayanta ma sai ta karɓi kuɗinsa ta sayar masa da abin miya, ta bayan uwarsa." Ba ta kalli kowa ba. Ba ta ma bukatar kallo, don duk garin mace ɗaya ce ta goya ɗan Inna. Gwaggo tana gefe tana yanka kuɓewa. An ce ta ajiye wuƙar, ta wanke hannu, ta ɗauki mayafinta ta fita, ko tuwon sunan ba ta ci ba.

Wanda bai tashi a irin wurinmu ba zai ce ƙaramar magana ce. A ce kin sayar wa ɗan aminiyarki abinci, ɗan da kike kira naki, kuma a ɓoye, an ce ke maciyiyar amana ce kuma mai kwaɗayi, duka a jimla ɗaya. Kafin sati ya zagayo maganar ta kai har danginta na Gwangwan.

Ni ban san ana yi ba, sai da na haɗu da ɗan Gwaggo a tasha. Mutumin da kullum yake tsokanata yana ce mini 'yar birni, ran nan gaisuwa ma da ƙyar ya amsa. Ya ja ni gefe ya ce, "Don Allah me tsohuwata ta yi wa Inna? Wace kwalba ake magana? Ni dai ƙulli nake kaiwa gidan yayanki, ban taɓa kai kwalba ba." Ya ce har kalwar da tsohuwarsa ta saya da yawa a bana ta shiga bakin mutane. Alhali ta garar jikarta ce da za a aurar bayan kaka, kuma da Inna ta yi niyyar yin aikin.

Daga tashar, kai tsaye na wuce gidan yayana. Matarsa ta ɗauko mini kwalbar, ta ba ni labarin da na riga na faɗa. Shi kuma yana zaune da waya a hannu ya ɗago ya ce, "Yanzu duk wannan a kan daddawa?" Kai, ran nan Allah ne ya riƙe mini harshe, don yayana ne. Mutum ya shekara yana cin miya bai taɓa tambayar ina ƙullin uwarsa yake shiga ba. Na ce masa, "Yaya, kai dai ci gaba da latsa wayarka." Na ɗauki kwalbar na tambayi sunan kantin.

Da na je kantin na tarar sun ware wani ɓangare guda a ciki, an rataye allo da manyan baƙaƙe, "Namu na Gida". An kafa zana sabo fil, an jera ƙore da faya-fayai, an rataye fartanya mai sheƙi wadda ba ta taɓa ganin ƙasa ba. Sanyin na'ura yana dukan mutum har ƙashi. Ga shinkafa a buhu da zanen manomi yana dariya, ga zuma, ga garin kuka, ga yaji, kowanne an laƙaba masa sunan wani gari. Ga kuma kwalaben nan a jere, kowace da zanen wata mace da tulu a ka tana tsaye gaban bukkar ciyawa. Mu da muka yi rufin kwano tun ina firamare. Ko a zane ba su yarda mu ci gaba ba, sai a bukka suke son ganinmu, don ta fi kawo ciniki.

Na ce wa mai jiran wurin ina son sanin wace mata ce a Karaye take yin wannan. Ta dube ni kamar na yi yaren da ba ta ji, ta kira manaja. Ya fito, saurayi mai ladabi, har da rusunawa.

"Hajiya, akwai matsala ne a kayan?"

"Ni 'yar Karaye ce. Na san masu daddawar ƙasarmu. Wacce ce a ciki take kawo muku?"

Ya yi dariya. Ban ga alamar yana ɓoye wani abu ba, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai.

"A'a Hajiya, ai mai kawo mana kaya a nan cikin gari yake. Kalwar a kasuwar hatsi yake saye, ta ko'ina ce, wata ma daga ƙetaren iyaka take zuwa. Yana da wurin da ake dafawa a niƙa a inji. Sunan kuwa mu muka ce a sa, don masu saye sun fi natsuwa in sun ga sunan ƙauye."

"To me ya kai ku Karaye?"

"Ya yi daɗin faɗa ne kawai. Ai kamata ya yi ki gode mana, tallata muku gari muke yi kyauta."

Nan na manta da inda nake. Na ce masa ƙarya kuke yi, maƙaryata, ɓarayin suna! Na ce wanda ya saci akuya ana kai shi gaban alƙali, ku kun saci gari guda kun zuba a kwalba kuna murmushi. Na ce ku zo in kai ku Kafin Dafga ku nuna mini gidan da kuka taɓa sayen ko mudu ɗaya na kalwa. Ya yi ta cewa "Hajiya yi haƙuri, ai duk kayan ƙasa ne, duk namu ne." Namu na wa? Masu gadi biyu suka zo suka tsaya a gefena suna nuna mini ƙofa da ladabi. Ina fita wata mata mai gilashi ta ɗauki kwalba biyu ta jefa a kwandonta, na ji tana ce wa ƙawarta ai gara mutum ya riƙa taimakon matan karkara. Ana cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Wanda ya faɗi haka bai shiga kantin nan ba.

Washegari na hau mota zuwa gida. Na sami Inna tana shanya daddawarta a kan tabarma, ta rame, aikin mutum biyu ya sauka a bayanta ita kaɗai. Bayan mun gaisa na ajiye kwalbar a gabanta na faɗa mata komai, yadda manajan ya faɗa mini.

Ta ɗago ta dube ni.

"Babu kowa?"

"Babu kowa, Inna."

"To wa ya yi ta?"

"Ma'aikata ne da inji, a cikin Kano. Ba ta taɓa zuwa ƙasar nan ba sai yau da na kawo ta."

"Suka rubuta sunan garin mutane, alhali sun san ba haka ba ne?"

"Sun sani."

Ta yi salati a hankali. Ba ta tambayi yayana ba, ba ta tambayi ƙulle-ƙullenta ba. Ta shiga ɗaki ta yafo mayafi ta ce, "Tashi mu je."

Muka tsallaka zuwa gidan Gwaggo. Inna ta yi sallama, aka amsa, aka ce mu shigo. Gwaggo tana zaune a ƙofar ɗakinta tana tsince wake. Da ta gan mu ta tashi, ta shiga ɗaki ta fito da sabuwar tabarma, irin wadda ake ajiyewa a ƙarƙashin gado don surukai, ta shimfiɗa mana. Ta kawo ruwa a kwanon sha mai murfi ta ajiye a gaban Inna, matar da a da ita ke zuwa ta buɗe randar gidan ta sha ta ce ruwan bai yi sanyi ba. Sannan ta zauna nesa kaɗan ta fara gaisuwa. Ina kwana. Ina gajiya. Yaya maigida. Yaya yara, yaya na Kano. Yaya ƙarfin jiki, yaya idon. Ba ta tsallake ko ɗaya ba, Inna tana amsawa kanta a ƙasa.

Da gaisuwar ta ƙare Inna ta ce, "Na zo ne ki yafe mini. Na zalunce ki. Na faɗi abin da ban sani ba a gaban mutane, kuma a gaban mutane zan je in janye."

Ni kuma na karɓa na yi bayanin kanti da kwalba da manaja, ina ta zuba kamar za a ba ni lada. Gwaggo ta saurara har na gama. Kwalbar ko kallonta ba ta yi ba.

"Allah ya yafe mana baki ɗaya," in ji ta. "Ni ban riƙe ki ba." Sannan ta ce, "Shi ɗan fari ne, kin ji kunyarsa ba ki tambaye shi ba. Ni wace kunya ce tsakaninmu?"

Muka zauna kaɗan ana maganar damina da tsadar taki. Da muka miƙe Gwaggo ma ta miƙe, ta ɗauki mayafinta, ta biyo mu har ƙofar gida. Ta tsaya a bakin zaure ta ce mun gode da ziyara, a gaida mutan gida, Allah ya huta gajiya.

Muka tsallako. Sai da muka shiga zaurenmu Inna ta dafa bango ta tsaya, tana kallon ƙasa.

"Tun muna amare," ta ce, "ba ta taɓa yi mini rakiya ba sai yau."